Yadda Na Kwance 'Yar Tsanar Malamin Gona

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Ba yaro ne ya yi wautar ba, ba kuma baƙo ba. Ni ne, da furfurata da carbina da takardar shaidar yaƙi da jahilci da ke kwance cikin adakata. Sai dai ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci ya saurari hujjojina tukuna, don ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda aka kawo ƙara. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, duk dattijon da ya ga abin da na gani gabansa bai faɗi ba, to shi ma a bincike shi.

Ina da jika mace, 'yar farin babban ɗana. Tun tana zanen goyo nake ce mata amarya, ita kuma da ta yi baki sai ta rama da ce mini tsoho. Ta yi karatun jinya a Kano ta dawo, tana aiki a ƙaramin asibitin da ke bakin titi, tafiyar rabin sa'a daga ƙauyenmu in an ratsa ta gonaki. Manema kam sun yi sintiri a ƙofar gidanmu har sai da suka kashe ciyawar wurin. Akwai mai shagon taki daga Gezawa, akwai malamin firamare, akwai wani direba mai zuba turare kamar an fasa kwalba. Duk ta sallame su cikin ladabi, ni kuma ina gefe ina murna, ina cewa ai dama tana da miji.

Sai a farkon wata damina, ana cikin shuka, ta turo kakarta ta gaya mini ta samu wanda ya kwanta mata. Malamin gona ne da aka turo yankinmu, yana haya a Tsanyawa. Asalinsu mutanen Borno ne, amma tun zamanin kakansa suke Kano, gidansu yana Bacirawa. Uban yarinyar, da yake 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle a zauna a yi zancen aurenta da shi. Da aka gama noman farko ya zo ya tsuguna a zaure yana kallon ƙasa, ya ce, "Baba, magabatan mutumin nan sun aiko, nan da sati uku za su zo, ranar Asabar. Binciken yana hannunka. Abin da ka ce shi za a faɗa musu."

Wato auren yana bakina. In na ce e, a shafa fatiha. In na ce a'a, su sha ruwa su koma Bacirawa.

Bincike kuwa a wurinmu ba a yinsa da gaggawa. Na fara da ladanin masallacin unguwar da yake haya, ya ce yaron sahun farko ne. Mai shayi ya ce bai taɓa ganin ya yi sa'insa da kowa ba. Wani ɗan'uwanmu da ke dako a Kano ya bi mini diddigin gidansu, ya dawo ya ce mutanen kirki ne, uban 'yan hula yake sayarwa, ba a san su da wani abin ashsha ba. Nan na fara tsarguwa. Na kai shekara saba'in a duniya ban taɓa ganin gero ba tsakuwa ba. In ka rairaye ka rairaye ba ka samu ba, to ba ka kai ƙasan ƙwaryar ba ne.

Mai gidan hayar ne ya fara ba ni bakin zaren. Ya yabe shi ya yabe shi, sannan ya sosa gemu ya ce, "Sai dai kiɗan nan nasa."

Na ce, "Wane irin kiɗa?"

Ya ce, "Malam, ba ya faɗuwa. Sai dai ka ji da kunnenka."

Ban daɗe ba na ji. Tsutsa ta shiga masarata, na aika masa ya zo ya duba, don in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na makara wajen fitowa, ya riga ni isa gonar. Da na ɓullo ta bayan kunyoyin gero sai na hango shi zaune a gindin ɗorawa, ya cusa wasu 'yan igiyoyi a kunnuwansa, idonsa a rufe. Kansa yana sama yana ƙasa, yana sama yana ƙasa, kamar ƙadangare ya ga bakin tulu. Hannunsa na hagu a miƙe yana matsa iska, na dama yana sosa cikinsa da sauri, sai ka ce mai kaɗa garayar da ba a gani. Ni kuwa ina yaro na leƙa inda ake bori ta kan katanga, na sha bulala a kai, amma abin da na gani bai fita daga idona ba. Da haka ake farawa.

Na yi sallama sau uku kafin ya zabura. Ya cire hula? A'a, hular ma ta riga ta faɗi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya nuna mini tsutsar a cikin zuciyar masara, ya ce a zuba toka da yashi da sassafe kafin a kai ga feshi. Maganarsa daidai, ba ruwa. Na bari ya gama, na ce, "Abin da kake ji ɗin nan, a ɗan sam mini."

Ya ce, "Baba, ba zai yi maka daɗi ba."

Na ce, "Maɗaci ma ana sha."

Ya saka mini guda a kunne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ranar da aka kai masa dawa mai tsakuwa, ya haɗa da ƙarar ƙanƙara a kan rufin kwano, to ya kama hanya. A cikin wannan rugugin kuma akwai wani bawan Allah yana ruri daga can ƙasan maƙogwaro, irin na bijimi in an kayar da shi za a yi masa lalas. Na cire abin na duba shi, na duba yaron.

Na ce, "Shi wannan ɗin shaƙe shi ake yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Waƙa yake yi, Baba. Yana maganar yaƙi ne da zalunci. Kiɗan Turawa ne, suna ce masa kiɗan ƙarfe."

Na ce, "To madalla. Ni dai na san kowane kiɗa da masu shi. Maƙera da nasu, mahauta da nasu, manoma muna da gangarmu, 'yan tauri ma in an taɓa nasu sai ka ga sun fara tsuma. Wannan na wace sana'a ce?"

Ya ce, "Ba na wata sana'a ba ne. In na gaji ne nake sa shi, sai in ji na wartsake."

Kiɗan da ba shi da masu shi a cikin mutane, mai hankali ya san su wa ake yi wa. Na dai yi masa godiyar tsutsa.

Da na koma gida na kwashe duka na gaya wa uwargida. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, kai da in aka buga gangar noma a gayya kake tsalle har wandonka ya taɓa kwancewa a gaban surukai?"

Na ce, "Wannan ai kiɗan gado ne."

Ta ce, "Wandon ma na gado ne."

Shawara da macen da ta shekara hamsin a gidanka ɓata lokaci ne, ta san abin da bai kamata ta sani ba.

Ranar kasuwar Tsanyawa na hau bas na tafi, na ce zan nemi shawarar malamin gonar kan irin wake. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya shimfiɗa mini darduma. Ɗakin tsaf, ga buta, ga Alƙur'ani a can sama cikin gafaka. Ina shirin jin kunyar kaina ke nan sai idona ya sauka a kan wata durowar gilashi a jikin bango, irin wadda mata ke jera tangaran a ciki. Ba tangaran ba ne a ciki. Wasu 'yan mutum-mutumi ne na roba, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba, sun fi talatin, an jera su sahu-sahu suna kallona. Akwai mai jikin mutum da kan kada. Akwai mai hannu huɗu, kowane hannu da gatari. Akwai wanda aka rufe wa fuska ruf da kwalkwali, ba ido ba baki. Wani ma a kan kunama yake zaune, ya riƙe linzami.

Na yi a'uziyya a zuci, a fili kuma na ce, "Kai, ashe kana da baƙi."

Nan fa bakinsa ya buɗe. Yaron da ba ya haɗa jimla uku a gabana sai ga shi yana zuba. Ya ce tun yana firamare ya tsinci na farkon a aljihun wata rigar sanyi ta gwanjo, ga shi can, mai karyayyen hannu. Daga nan ya shiga bin masu dila, duk wanda ya ga irinsu ya ajiye masa. Wasu abokai suka aiko masa daga waje, wasu musaya ya yi da masu irin ra'ayinsa, don wai suna da yawa a Kano da Kaduna, har sun san juna.

Har sun san juna. Na riƙe wannan.

Na ce, "Suna da sunaye?"

"Kowanne da sunansa da labarinsa, Baba."

"Kana yi musu wata hidima?"

"Ba wata hidima. Duk Juma'a dai in na dawo masallaci ina fito da su in kakkaɓe musu ƙura da ɗan buroshi."

Suna da suna, suna da rana, suna da jama'a. Na ce, "Abinci fa?"

Ya ce, "Haba Baba, roba ce fa."

Ai dama ba zai ce e ba.

Sai na ɗaga kai na ga ta saman. Ita kaɗai ce a hawa na ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ba a fito da ita daga kwalinta ba. Gaban kwalin wata leda ce mai tauri, garai-garai, ana ganin ciki. Mace ce, wankan tarwaɗa, doguwa mai dogon wuya, ga mashi da garkuwa a gefenta. Na matsa na gyara tabarau. Ashe an ɗaure ta. Wasu siraran wayoyi ne aka zagaya a wuyan hannayenta biyu, da idon sawunta biyu, da ƙugunta, da ƙirjinta, har da wuyanta, aka zura ta cikin kwalin aka murɗe ta baya.

Na ce, "Ita wannan laifin me ta yi ba ta fitowa shan iska?"

Ya yi wuf ya shiga tsakanina da durowar, cikin ladabi dai, amma ya shiga. Ya ce, "Ita ba a buɗe ta, Baba. Haka ta fito daga inda aka yi ta, kuma kaɗan aka yi irinta. Darajarta a rufen take. In aka buɗe, shi ke nan."

"Shi ke nan me?"

"Shi ke nan, ta zama kamar sauran."

Na ce, "Yaushe ta zo hannunka?"

Ya ce, "Shekara shida ina nemanta. Sai farkon daminar nan Allah ya yi, ana cikin shuka."

Ana cikin shuka. Yarinyar da ta kori mai taki da malamin firamare da direba, rana ɗaya ana cikin shuka ta ce ta ga miji. To jama'a, a nan wa zai ce ban yi lissafi daidai ba? Mun ji wanda aka rufe a kwalba, mun ji wanda aka kulle a kwaɗo aka jefa rijiya. Zamani ne ya zo, abin ya koma kwali da leda. Dogon wuyan nan kuwa, ko a cikin dubu na gan shi na san na gidanmu ne.

Na biya ta wajen limaminmu na ba shi labari ba tare da kama suna ba. Ya ce ajiye mutum-mutumi abu ne da malamai suka yi magana a kai, ya kamata a yi wa mai shi nasiha. Amma batun asiri, ya ce, wannan tuhuma ce babba, sai da shaida, kuma wani sashen zato zunubi ne. Na yi masa godiya na fito. Limamin namu yaro ne, littafi ya sani, bai san duniya ba.

Da yamma amarya ta dawo daga aiki ta kawo mini ruwan alwala. Na ce, "Zo nan. Kwanan nan ba kya jin wuyan hannunki yana miki nauyi?"

Ta ce, "Yau yara sittin na yi wa rigakafi, tsoho. Har kafaɗa nake ji."

"Ƙafafu fa? Kamar an riƙe?"

"Sai dai in kai ne za ka saya mini babur."

Na sassauta murya na ce, "Kin san abin da ke ɗakin mutumin nan naki?"

Ta ce, "'Yan tsanarsa? Ya nuna mini hotunansu. Kiɗan ma na ji, na ce masa ya riƙe abinsa a kunnensa."

"Ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Wadda ta saba ganinka da asuba kafin ka wanke fuska, mai kan kada ne zai ba ta tsoro?"

Ta tafi tana dariya. Ni ban yi ba. Wanda aka ɗaure ai ba ya sanin an ɗaure shi.

Wani zai ce me ya hana in ce a'a kawai a wuce wurin. To ai nan gwanintar take. In na hana alhali tana ɗaure, sai ta rame ta lalace a gabanmu, ta kuma riƙe ni a zuci har in mutu. Amma in na kwance ta, ita da kanta za ta farka ta ce ba ta so, ni kuma in fito fes, ba wanda zai ce tsoho ya raba masoya. Dabarar ta burge ni ƙwarai, har na so a ce akwai wanda zan gaya wa.

Kasuwar da ta zagayo, saura kwana kaɗan baƙi su zo, na sake hawa bas da alwalata. Na same shi yana rubuce-rubucen aikinsa. Muka gaisa, na yi tari na dafe ƙirji na ce rabona da abinci tun safe, ga shi ba abin da raina ke so sai fura, kuma ba ta nan kusa ba, ta matan Fulanin da ke can ƙarshen kasuwa wajen turken awaki. Ya ɗauki kwano ya fita har yana haɗawa da gudu.

Na tashi na buɗe durowar. Na roƙi mai kan kada da 'yan'uwansa su yi mini afuwa, ba da su na zo ba. Na sauko da kwalin na zauna a bakin gado, na karanta Falaƙi da Nasi ƙafa uku-uku, na zaro 'yar wuƙar da nake fasa goro. An liƙe bakin da salatif, na tsarge shi. Ledar nan ta ƙi ba da haɗin kai, sai da na huda ta na ɓarke da ƙarfi, ta yi wata ƙara da ta sa na waiga ƙofa. Kwalin ya yage gida biyu.

Wayoyin ban yanka su ba. Ɗauri kwance shi ake yi, in ka yanka ka bar ƙullin a jikin mai shi. Na juya bayan kwalin na bi su ɗaya bayan ɗaya ina warwarewa da yatsun nan nawa masu amosani, gumi yana ɗiga daga gemuna. Bakwai ne cif. Na wuyan ne ya fi wahala, ina yi ina cewa, "Yi haƙuri amarya, saura kaɗan." Da ta fito na tofe ta da addu'a ciki da bai, na motsa hannayenta na ga suna lanƙwasuwa. Har ga Allah a lokacin ji na yi kamar na ciro mutum daga rijiya.

Ina cikin haka ya yi sallama.

Ya tsaya a bakin ƙofa da kwanon fura a hannu. Bai yi ihu ba, bai yi salati ba. Ya sunkuya a hankali ya ajiye kwanon kamar mai ajiye ƙwai. Abin da ya ba ni mamaki, bai nufi 'yar tsanar da ke hannuna ba. Kwalin ya nufa. Ya durƙusa ya ɗauki ɓangarorin biyu yana haɗa bakinsu, suna rabuwa, yana sake haɗawa.

Can ya ce, "Baba, me ta yi maka?"

Na ce, "Ita ba ta yi mini komai ba. Kai dai ka san abin da ka yi, ni ma na sani. Na kwance ta."

Ya dube ni, ya dubi wayoyin nan bakwai da na jera a kan gado, ya sake dubana. Na ga lokacin da ya gane abin da nake nufi. Idonsa ya kaɗa. Sannan ya jawo kwanon ya dama furar da ludayi ya turo gabana ya ce, "Ba komai, Baba. Bismilla."

Ban sha ba. Wa zai sha furar mutumin da ya gama karya wa asiri? Har yau ina tuna furar nan, ta ji nono, ga kindirmo yana yawo a kai.

Na ce da 'yar tsanar zan tafi. Ya ce to. Ya rako ni har tasha yana riƙe da ledar kayan miyan da na saya. Na shiga bas na zauna, sai ya miƙo hannu ta taga da wani ɗan tsinke. Mashinta ne, ashe ya faɗa ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ga wannan, nata ne. A kula da shi, yana da saurin karyewa."

A hanya wani abu ya ɗan sosa mini rai. Na san in aka karya wa matsafi asiri, ko ya faɗi yana birgima, ko ya yi maka barazana. Wannan kuwa kamar manomin da ya dawo ya tarar rumbunsa ya ƙone. Amma na kori tunanin, na ce makirci ne, su ma suna da dabarunsu.

Na ɓoye ta a aljihun babbar rigata na shiga jiran sakamako. Ranar farko ban ga canji ba, amarya ta ci tuwonta ta tafi aiki. Rana ta biyu ta dawo shiru, ta gaishe ni ba tsokana, ta zauna a bakin rijiya tana juya salularta tana ajiyewa. Na ce alhamdu lillahi, magani ya fara ratsa jiki. Har na ƙara loma a tuwon dare.

Ranar Juma'a bayan la'asar ubanta ya shigo ya tsuguna ya ce, "Baba, gobe ne. Me za a ce musu?"

Na ce a kira ta. Ya yunƙura zai fita saboda kunya, na ce ya zauna, yau ranar gaskiya ce. Ya koma gefe ya juya mana ƙeya yana kallon turken akuya. Uwargida tana kan tabarma tana tsinke rama. Amarya ta zo da kumfar wanki a hannu ta durƙusa.

Na gyara zama na yi gyaran murya, na kawo bayani tun daga gindin ɗorawa har zuwa hawa na ƙarshe na durowa, ban rage komai ba. Sannan na zura hannu a aljihu na fito da ita na tsayar a kan tabarma, na saka mata mashinta. Uwargida ta saki ramar ta kama haɓa. Ɗana bai juyo ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka yake.

Amarya ta goge hannu a zani ta ɗauki 'yar tsanar ta juya ta gaba da baya. Ta ce, "Wannan ce ni?"

Na ce, "Dubi wuyan."

Ta ƙura wa 'yar tsanar ido. Sannan ta ce, kamar da kanta take, "Shi ya sa. Kwana uku muryarsa a dushe, na yi tambayar duniya ya ce mura ce." Ta ɗago ta dube ni. "Bai ce maka komai ba?"

"Me zai ce? Fura ya ba ni."

"Shekara shida yana nemanta ka farke, ya ba ka fura."

Na ce, "Makirci ne."

Ta gyaɗa kai a hankali, har na fara jin daɗi, na ɗauka ta dawo hanya. Ta ce, "To tsoho, tsaya in gane. Wayoyin duk ka kwance? Ba ka manta ko ɗaya ba?"

"Bakwai ne, bakwai na kwance."

"Ka yi tofi?"

"Ciki da bai."

"Wato yanzu ba sauran asiri a jikina."

Na bugi ƙirji na ce, "Ko ƙwayar zarra. Na tsaya miki a kan wannan, ga ubanki ga kakarki shaida."

Ta miƙe da 'yar tsanar a hannu. Abin da ta faɗa shi ne ƙarshen bincikena, don daga shi ban ƙara tofa ko kalma a zancen ba har aka shafa fatiha washegari.

Ta ce, "To madalla. Tunda kai ka kwance ni da hannunka, ka kuma shaida da bakinka hankalina nawa ne, sai ka buɗe kunne: shi nake so. In kuma har yanzu kana jin akwai wanda aka ɗaure a gidan nan, juyo in duba ƙeyarka, tsoho, ina jin taka wayar ba a kwance ba."